Ciwon Dajin Ƙashi a Gombe: Yadda Tsoron Yanke Ƙafa Ke Jawo Yanke Ƙafa

A yawancin gidajen Gombe da kewaye, idan yaro ɗan shekara 14 ya fara ɗingishi yana kukan gwiwa, ba kasafai ake kawo ciwon daji a rai ba. Akan ce buguwa ce ta filin ƙwallo, ko targaɗe, ko sanyin ƙashi, ko kuma girma ne ke taso masa. Sau da yawa hakan ne kuwa. Amma a cikin yaran da ke irin wannan kuka akwai 'yan ƙalilan da wani ƙari ne ke tsirowa a cikin ƙashinsu, kuma watannin da za a ɗauka kafin a gane haka su ne za su yanke hukunci a kan ƙafar, wani lokaci ma a kan rayuwar baki ɗaya.

Dajin da ke farawa daga cikin ƙashi ba shi da yawa. Bai kai kashi 1 cikin 100 na dukkan cututtukan daji a duniya ba. Ƙiyasin da cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar na shekarar 2022 ya nuna cewa mutum sama da 127,000 ne suka kamu da daji a Najeriya a shekarar, sama da 79,000 kuma suka rasu. A cikin wannan lissafi dajin ƙashi bai samu gurbi na kansa ba, an cusa shi ne cikin rukunin sauran cututtuka. Ƙarancinsa ya sa ba a yi masa gangami kamar yadda ake yi wa dajin mama da na bakin mahaifa. Sai dai waɗanda ya fi kamawa yara ne da matasa, masu shekaru 50 ko 60 a gabansu.

Ba kowane ƙari ne daji ba

Ya kamata a fara da abin da zai kwantar da hankali: mafi yawan ƙarin da ke fitowa a ƙashi ba daji ba ne. Akwai wani tsiro mai tauri da kan fito kusa da gaɓa a jikin yara, mai hular guringuntsi, wanda yakan daina girma idan yaron ya gama tsawo. Ba a ma taɓa shi sai idan yana danne jijiya ko yana hana motsi. Akwai wani kuma da ya fi kama masu shekara 20 zuwa 40, wanda ke cinye ƙarshen ƙashi kusa da gwiwa ko wuyan hannu. Ba kasafai yake yaɗuwa ba, amma yana da naci, yakan dawo. Maganinsa shi ne a buɗe ƙashin a kankare shi tas, a cike ramin da simintin ƙashi ko da wani ƙashin da aka ɗebo daga jikin majinyacin.

Masu haɗari su ne waɗanda likitoci ke kira sakoma. Mafi yawa a cikinsu shi ne ostiyosakoma, wanda ya fi bayyana tsakanin shekara 10 zuwa 20, lokacin da ƙashi ke saurin tsawo. Wuraren da ya fi so su ne ƙasan ƙashin cinya da saman ƙashin ƙwauri, wato kewayen gwiwa, sai kuma saman damtse kusa da kafaɗa. Na biyu shi ne wanda ke ɗauke da sunan James Ewing, likitan Amurka da ya bayyana shi a 1921. Shi ma yara yake kamawa, yakan zo da zazzaɓi da kumburi mai ɗumi, har a ɗauka ruɓar ƙashi ce. Na uku dajin guringuntsi ne, na manya ne da suka haura shekara 40, yana tafiya a hankali, kuma ba ya jin allura ko gashi sosai. Wuƙar tiyata ce kawai maganinsa.

Akwai kuma rukuni mafi girma da ake yawan mantawa da shi. A jikin manya, dajin da aka gani a ƙashi galibi baƙo ne, daga wani wuri ya taso: daga mama, ko furostet na maza da ke ƙarƙashin mafitsara, ko huhu, ko ƙoda, ko halittar nan ta maƙoshi da kan kumbura ta zama maƙoƙo. Dattijon da ya daɗe yana fama da fitsari sannan ciwon baya ya hana shi barci, da matar da aka yi wa aikin mama shekaru biyu da suka wuce sannan cinyarta ta karye daga ɗan tuntuɓe, duk majinyatan likitan ƙashi ne, ko da yake cutarsu ba a ƙashi ta fara ba.

Inda watanni ke salwanta

Alamomin da ya kamata su ɗaga hankali ba su da wuyar ganewa. Ciwon targaɗe yana raguwa da hutu, cikin mako biyu ko uku an manta da shi. Ciwon ƙari kuwa ƙaruwa yake yi, ya fi tsanani da dare, yana tashin mutum daga barci, kuma maganin kemis ba ya kwantar da shi sai na ɗan lokaci. Daga baya kumburi mai tauri ya bayyana, fatar wurin ta yi sheƙi, jijiyoyi su fito raɗa-raɗa. Wani lokaci alamar farko ita ce karaya ba tare da wani dalilin kirki ba: yaro ya tashi daga tabarma, ko ya sauko daga keke, ƙashi ya ɓalle.

A nan ne hanya ke rabuwa biyu. A ƙasar Hausa da ta Fulani, wanda ya karye wurin mai ɗori ake fara kai shi, kuma ba a rasa dalili ba. Mai ɗori na kusa, ya san iyalin, kuɗinsa da sauƙi, yakan karɓi abin da ya samu, ga shi kuma kowa ya san wanda ya warke a hannunsa. Amma ɗori na aiki ne a kan lafiyayyen ƙashi da ya karye. Ƙashin da ƙari ya cinye ba ya haɗuwa da kara da tsumma. Murza wurin da matse shi ba abin da suke ƙarawa sai azaba da kumburi. Idan aka kai ga wanzami ya yi tsaga ko ya kafa ƙaho, an buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, an kuma ba ƙarin hanyar fasa fata ya fito waje, ya zama gyambo mai jini da wari. Ƙafar da ta kai wannan matsayi da wuya a iya ceto ta.

Akwai kuma tsohuwar magana da ta kafu a zukata, cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da zarar allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Ba a banza maganar ta samu gindin zama ba. Mutane sun ga waɗanda aka kai asibiti a ƙurarren lokaci, aka yi musu aiki, suka rasu bayan 'yan watanni, sai aka ɗora wa wuƙa laifin da jinkiri ya yi. Gaskiyar ita ce ostiyosakoma na aika ƙwayoyinsa ta cikin jini zuwa huhu tun da wuri, tun kafin hoto ya iya nuna su. Abin da ya kashe waɗancan majinyata ya riga wuƙa isa.

Ba gida kaɗai ke da laifin jinkiri ba. A yankin da cutar sikila da ruɓar ƙashi da tarin fuka na ƙashi suke da yawa, ma'aikacin ƙaramin asibiti a Dukku ko Nafada ko Balanga zai fi saurin tunanin waɗannan, ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta na makonni, kafin ya yi tunanin daji. Hoton ƙashi guda ɗaya, wanda kuɗinsa bai kai na zirga-zirgar wata guda wurin masu magani ba, ya isa ya nuna wa gogaggen likita cewa akwai abin dubawa. Ƙa'idar da likitocin ƙashi ke bi mai sauƙi ce: ciwon ƙashi da ya wuce 'yan makonni bai lafa ba, musamman mai tashin dare, hoto yake buƙata, ba ƙarin ƙwayoyi ba.

Abin da ake yi a asibiti

Babbar cibiyar da ake tura irin waɗannan majinyata a jihar ita ce Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke kan titin Ashaka a birnin Gombe. An kafa shi a matsayin Cibiyar Lafiya ta Tarayya a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro jihar, daga baya aka ɗaga darajarsa zuwa asibitin koyarwa. Da yake Gombe na tsakiyar Arewa maso Gabas, tana iyaka da Bauchi da Yobe da Borno da Adamawa da Taraba, asibitin na karɓar marasa lafiya daga dukkan waɗannan jihohi. Yana da sashen ƙashi, da na kula da masu daji, da na binciken nama, da na gashin ƙashi, kuma maganin wannan cuta na buƙatar dukkansu a lokaci guda. Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, shi ne tsohuwar madogarar Arewa a wannan fanni.

Aikin farko shi ne sanin abokin gaba. Bayan hoton ƙashi, na'urar MRI kan nuna iyakar inda ƙarin ya kai a cikin ɓargo da kuma kusancinsa da manyan jijiyoyi. Ana ɗaukar hoton ƙirji don a leƙa huhu. Sannan a gutsuri ɗan nama daga ƙarin a kai ɗakin bincike, domin ido da hoto ba sa yanke hukunci, sai madubin likita. Wannan ɗan ƙaramin aiki yana da haɗarin da ba a cika lura da shi ba. Duk hanyar da allura ko wuƙa ta bi ta shiga ƙarin ta gurɓata, dole a cire ta tare da shi ranar babbar tiyata. Idan wanda bai san aikin ba ya yanka ta gefen da bai dace ba, yana iya jawo a rasa ƙafar da da an ceto. Shi ya sa ake son a yi gutsurar a asibitin da za a yi aikin gaba ɗaya, ba a kowane ɗakin tiyata da ke bakin hanya ba.

Kafin shekarun 1970, maganin ostiyosakoma a duk duniya ɗaya ne: a yanke. Duk da haka, waɗanda ke rayuwa shekara 5 bayan aikin ba su kai kashi 20 cikin 100 ba, saboda ƙwayoyin da suka riga suka ɓuya a huhu. Shigowar allurar kashe ƙwayoyin daji, wadda aka fi sani da kemo, ita ce ta sauya lissafin. A yau, inda aka haɗa kemo da tiyata ga wanda cutarsa ba ta bayyana a huhu ba, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na warkewa. Idan kuwa ta riga ta bayyana a huhu, adadin kan faɗo zuwa kashi 20 zuwa 30. Tsakanin waɗannan alƙaluma biyu babu abin da ya fi tasiri kamar lokacin da aka iso asibiti.

Tsarin da aka saba bi shi ne a fara da kemo na kimanin mako 10, sannan tiyata, sannan a ci gaba da kemo, jimilla wajen wata 7 ko fiye. Magungunan da aka fi amfani da su uku ne: dokzorubisin da sisfilatin da metotireksat. Suna da nauyi. Gashi na zubewa, amai na damun mutum, jini na raguwa, garkuwar jiki na yin rauni har zazzaɓi kaɗan ya zama abin gaggawa. Nan ne iyalai da yawa ke sarewa. Wasu kan ga kumburi ya sace bayan allura biyu ko uku su ce an warke. Wasu kuɗi ne ke yanke musu. Kemo da aka tsaya a rabi kamar gobara ce da aka kashe harshenta aka bar garwashi a ƙarƙashin toka.

Ceto ƙafa ko ceto rai

A manyan cibiyoyin Turai da Amurka, kusan 8 ko 9 cikin kowane majinyata 10 ba a yanke musu gaɓa. Likita kan cire sashen ƙashin da ƙarin yake ciki, tare da lafiyayyen naman da ke lulluɓe da shi ta kowane gefe, ba tare da ya fasa shi ba, sannan ya cike gurbin. Akan cike shi da gaɓar ƙarfe ta musamman da ke maye gurbin gwiwa da rabin cinya. Akan ɗauko siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri a dasa shi. A wasu ƙasashe, musamman Japan, akan kashe ƙwayoyin dajin da ke cikin ƙashin da aka cire ta hanyar daskarar da shi a sanyi mai tsanani, sannan a mai da shi mazauninsa. Akwai ma wani aiki mai ban mamaki da ake yi wa yara, inda ake cire gwiwar, a juya ƙafar ta fuskanci baya a haɗa ta da cinya, idon sawu ya koma yana aikin gwiwa a cikin ƙafar roba. Ba shi da kyan gani, amma yaran da aka yi wa suna gudu.

Bincike ya tabbatar da cewa idan an cire ƙarin da cikakken lafiyayyen kewaye, wanda aka bar wa ƙafarsa da wanda aka yanke wa damar rayuwarsu ɗaya ce. Amma ceto ƙafa na da sharuɗɗa. Sai ƙarin bai naɗe babbar jijiyar jini da ta motsi ba, sai fata ba ta fashe ba, sai akwai isasshen naman da za a rufe wurin da shi, sai kuma akwai kuɗin gaɓar ƙarfen, wadda daga waje ake shigo da ita da kuɗin ƙetare. Majinyacin da ya iso bayan wata 8 ko shekara, da ƙari mai girman kankana, ya riga ya rasa yawancin waɗannan sharuɗɗa. A irin wannan hali yankewa ba gazawar likita ba ce. Ita ce hanyar da ta rage, kuma ko da cutar ta yi nisa, takan raba mutum da zafi da wari da zubar jini, ya samu ya zauna cikin iyalinsa.

Ga zagayen da ya ɗaure al'amarin. Mutane na ƙin asibiti saboda an ce can ana yanke ƙafa. Ƙin zuwan ya sa sai an makara ake isa. Makarar ta sa dole a yanke. Wanda aka yanke wa ya koma ƙauye, ya zama hujjar masu cewa kada a je. Gudun gara ne, a faɗa gidan zago. Kuma sau da yawa wanda zai sa hannu a takardar amincewa ba shi ne ke da ta cewa ba: uba na jiran kawu, kawu na jiran kaka, kaka ta ce jikanta ba zai koma ga Allah da guntun jiki ba. Likitan da ya zauna da dangi gaba ɗaya, ya nuna musu hoton, ya yi musu bayani da harshensu, ya tabbatar musu za a ba su gaɓar su binne ta da mutunci kamar yadda aka saba, ya fi samun amincewa a kan wanda ya miƙa takarda yana sauri.

Ga manyan da daji ya zo wa ƙashi daga wani wuri, manufar aikin daban ce. Ba warkarwa ake nema ba, ana neman mutum ya ci gaba da tafiya ba tare da azaba ba. Akan zura sandar ƙarfe a cikin ƙashin cinyar da ke shirin karyewa tun kafin ya karye. Gashi da na'ura, ko da sau ɗaya ne, yakan rage zafi ga fiye da rabin waɗanda aka yi wa. Akwai allurar ƙarfafa ƙashi, akwai kuma mofin, maganin zafi mai araha wanda tsoron jaraba ya sa ake hana mabukata. Abu ɗaya ne a nan ba ya jira: mai daji da ciwon baya ya tsananta masa, ƙafafunsa suka fara nauyi ko fitsari ya fara ƙwace masa, alama ce ƙari na danne laka. Kwana ɗaya ko biyu na iya raba mai tafiya da mai shanyewar ƙafafu.

Na'urorin gashin kuwa 'yan ƙalilan ne a ƙasar, kuma majinyatan Arewa sun saba da doguwar tafiya zuwa Abuja ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, wani lokaci su tarar na'urar ta lalace. Sabuwar cibiyar daji da aka buɗe a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a 2025 ta ƙara ƙofa ɗaya, amma daga Gombe tafiyar yini guda ce.

Wa zai biya?

A 2021 Gwamnatin Tarayya ta fara aiwatar da asusun tallafa wa masu ciwon daji marasa ƙarfi, kuma asibitin koyarwa na Gombe na cikin asibitoci 6 da aka fara da su, shi ne wakilin Arewa maso Gabas. Sai dai asusun ya fara ne da nau'i uku: dajin mama, da na bakin mahaifa, da na furostet. An zaɓe su ne don su suka fi yawa, kuma hujjar ba ta da aibu. Amma sakamakon shi ne ɗan manomin da ke ɗauke da ostiyosakoma, cutar da ake iya warkar da 6 cikin 10 na masu ita, bai shiga lissafin farko ba. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowane ɗan Najeriya, jihar Gombe ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya da aka fi sani da GoHealth, amma yawancin iyalan karkara har yanzu daga aljihu suke biya: a sayar da akuya, a sayar da sa, a jinginar da gona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin cewa zuwa 2030 aƙalla kashi 60 cikin 100 na yaran da ke kamuwa da daji su riƙa rayuwa. Ba a cimma irin wannan buri da maganin da ake saye allura ɗaya-ɗaya, gwargwadon abin da kasuwar Kumo ta bayar a wannan mako.

Bayan an warware ɗinki

Iyalai da yawa na ɗaukar ranar sallama daga asibiti a matsayin ƙarshen magani. A wurin masu gashin ƙashi, wato ƙwararrun da ke koya wa jiki motsi, ranar ce tsakiyarsa. (Sunan kan rikita mutane: gashin ƙashi daban, gashin daji da na'ura daban.) Aikinsu na farawa tun kafin tiyata, da koya wa majinyaci tafiya da sanduna da ƙarfafa damatsa da ɗaya ƙafar, sannan ya ci gaba tun washegarin aiki.

Wanda aka yanke wa ƙafa, makonnin farko ne ke tantance ko zai iya sa ƙafar roba. Dole a riƙa naɗe dungun da bandeji mai talewa ta wata hanya ta musamman, don kumburi ya sace ya yi siffar da zai shiga mazubi. Dole a hana gaɓar da ta rage ƙagewa. Abin da tausayi ke sa 'yan uwa su yi, wato tusa matashi a ƙarƙashin dungun da barin mutum zaune yini guda, shi ne ainihin abin da ke lanƙwashe kwankwaso ko gwiwa har su ƙi miƙewa. Maimakon haka, ana son ya riƙa kwanciya rub da ciki sau da dama a rana. Dungun da ya ƙage a lanƙwashe, ko an sayo masa ƙafar da ta fi kowace tsada ba za ta zauna ba.

Akwai wani abu da majinyata kan ɓoye don kada a ce sun zautu ko aljanu sun shafe su: suna jin ƙafar da aka cire. Suna jin ƙaiƙayi a tafin da babu shi, ko zafi kamar ana murɗe yatsu. Wannan sanannen abu ne da ke samun mafi yawan waɗanda aka yanke wa gaɓa, domin ƙwaƙwalwa ba ta share taswirar jiki nan take. Yana raguwa da lokaci, akwai magunguna, akwai kuma dabara mai sauƙi ta ajiye madubi a tsakanin ƙafafu, mutum ya riƙa motsa lafiyayyar yana kallon hotonta kamar ita ce ɗayar.

Samun ƙafar roba ba shi ne iya tafiya da ita ba. Wanda aka yanke wa a saman gwiwa yana kashe ƙarfi fiye da na mai ƙafa biyu da kusan rabi ko fiye a kowane taku, kuma yana koyon wannan ne a daidai lokacin da kemo ke raunana shi. Ƙafar da aka auna yau takan yi yawa bayan wata uku idan dungu ya motse. Yaro mai girma kuwa sai an riƙa sauya masa ita akai-akai, abin da ba a cika faɗa wa iyaye tun farko ba. A Arewa, ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta tallafa wa aikin ƙera ƙafafun roba a asibitin Dala, sannan a 2020 aka buɗe cibiyar farfaɗo da masu naƙasa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da tallafinta.

Kuma ƙafar da aka ƙera don daɓen siminti sai ta koyi rayuwar Gombe. Akwai yashi da kwazazzabai na unguwanni, akwai zafin Maris da Afrilu da ke tara gumi a cikin mazubi har fata ta saluɓe, akwai masai na tsuguno, da zaman tabarma, da hawa babur. Kujerar katako mai rami a banɗaki da igiya ko ƙarfen dafawa a bango kan yi wa mutum amfanin da ya fi na magani mai tsada. Malamai sun daɗe da bayyana cewa wanda ba ya iya tsayuwa yana da sauƙin yin salla a zaune, kuma jin haka daga bakin limamin unguwa kan cire wa majinyaci wani nauyi da likita ba ya gani. Wanda aka bar wa ƙafarsa da gaɓar ƙarfe shi ma bai tsira daga wannan aiki ba: watanni yake yi yana koya wa gwiwa lanƙwasa, kuma ƙwallo da tsalle sun haramta gare shi, domin ƙarfe na sassautawa, yana kuma iya kamuwa da ƙwayoyin cuta ko bayan shekaru.

Tambayar da ke cin zuciyar iyaye, ko ba su furta ba, ita ce ko ɗansu bara zai koma, ko 'yarsu za ta samu miji. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma haramta amfani da su wajen bara. Tsakanin takarda da aiki akwai tazara, amma mai da yaro makaranta da wuri, ko da a kan sanduna ne, yana cikin magani. A Kanada har yau ana tunawa da Terry Fox, wanda ostiyosakoma ta sa aka yanke wa ƙafar dama a 1977 yana ɗan shekara 18. A 1980 ya yi gudun kilomita 5,373 cikin kwana 143 da ƙafar roba don tara kuɗin binciken daji, kafin cutar ta bayyana a huhunsa. Ya rasu a 1981.

Ƙarshen labarinsa shi ne dalilin da ya sa ba a sallamar mai wannan cuta kwata-kwata. A shekaru biyun farko bayan kammala magani, lokacin da cutar ta fi yawan dawowa, ana son a riƙa ɗaukar hoton ƙirji da na wurin aikin kusan duk bayan wata 3, sannan a riƙa tsawaita tazarar har zuwa shekara 5 da bayanta. Ƙarin da aka gano a huhu yana ƙarami ana iya cire shi da tiyata, kuma wasu na warkewa bayan haka. Akan kuma duba zuciya saboda dokzorubisin, a duba ji da ƙoda saboda sisfilatin. Iyalin da ke zuwa daga Bajoga ko Kaltungo ko wata jiha su riƙe katin asibiti da dukkan hotuna da takardar sakamakon binciken nama a jaka guda, su zo da su a kowace ziyara, domin da tsohon hoto ake gane abin da ya sauya a sabo.